Kiɗan da Ya Riga Ganga

Zahara'u ce ta fara ganin gawar, gab da magariba. Ta aika da abincin rana an mayar mata da shi, aka ce ƙofa a rufe take, maigida yana tsakiyar aiki. Da rana ta yi sanyi bai shigo gida ba, sai ta yafa mayafi, ta ɗauki nata mabuɗin, ta taho da kanta.

Sitidiyon mijinta, Ɗanmaliki mai fiyano, ɗaki biyu ne a jerin shagunan da ke bayan tashar motar Tambuwal. Ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗaga labulen ɗakin ciki. Yana kwance rub-da-ciki tsakanin kujera da bango, jini ya bushe a ƙeyarsa. Ihun da ta yi ne ya fito da Tambaya tela daga shagon da ke maƙwabtaka, almakashi a hannunsa.

Sufeto Lauwali Dikko ya iso kafin a idar da salla. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Kafin a mayar da shi sashen bincike ya daɗe yana bugun ganga a rukunin badujala na 'yan sanda a Sakkwato. Ya sa aka fitar da mutane, ya tsaya a bakin labule yana kallo.

Ba a ɗauki kome ba. Fiyano tana kan ƙafafunta, kwamfuta tana kan tebur, wayar mamacin tana aljihunsa. A ƙasa akwai sitabilaiza, na'urar daidaita wuta mai nauyi, da jini da gashi a kusurwarta. Ƙofar baya, wadda ke fita lungu, janyo ta kawai aka yi, ba a sa sakata ba. A lungun ya tarar da janareta a mace, makunninsa a kunne, amma tankinsa ba ko ɗigon mai. Ya dawo ya durƙusa, ya taɓa hannun mamacin, ya taɓa ƙafa. Duk sun sandare.

Ya kira Tambaya gefe.

"Yaushe rabonka da shi?"

"Da safe munka gaisa, Yallaɓai. Yas shiga, yat tada janareta."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai kiɗa. Tun hantsi shika kiɗa har kusa da la'asar. Tagarshi a buɗe take saboda zafi, komi ina ji."

"Ya fito sallar azahar?"

Tambaya ya juya almakashin a hannunsa.

"Bai fito ba. Kuma Yallaɓai, da anka yi kiran salla kiɗan bai tsaya ba. Tun da nika zama nan bai taɓa haka ba. Ko tsakiyar waƙa yake, ladan na buɗa baki shi ɗauke hannu."

"Wa kag gani ya zo wurinshi?"

"Ta gaba dai Na'iya mawaƙi kaɗai. Bayan kiɗan ya tsaya, da la'asar. Yab bubbuga ƙofa, yaz zaga ta baya, yad dawo shina faɗa, yah hau mota."

Da safe likitan asibiti ya gama dubawa. Ya ce bugu ɗaya ne a ƙeya, kuma mutumin ya rasu tun kafin azahar, mai yiwuwa da hantsi. Sufeto ya ce masa an ji shi yana kiɗa har kusa da la'asar. Likita ya cire tabarau ya ce shi dai abin da jiki ya nuna masa ya faɗa.

Kafin a kai Ɗanmaliki makwancinsa maganar ta zagaye gari. Aka ce gawa ce ta wuni tana kiɗa. Wasu suka ce aljanun da ke cikin fiyanon ne suka kashe shi, suka zauna a kujerarsa. Mata suka daina bi ta lungun. Tambaya bai buɗe shago ba. Shi kansa Sufeto, da ya koma ya duba ɗakin shi kaɗai da rana tsaka, ya sami kansa yana kauce wa juya wa kujerar baya.

Waɗanda ba su yarda da aljanu ba kuwa sun yarda da Na'iya. Matasa suka taru a ƙofar gidansa da sanduna, dole aka ɗauko shi aka kawo shi ofis. Zamanin ne da kuɗin mai suka yi yawa a hannun 'yan siyasa, kowane ɗan takara yana son waƙarsa, kuma Na'iya yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan harka. Yanzu yana zaune kan benci, babbar rigarsa ta jiƙe da zufa.

"Mi kaj je yi sitidiyon Ɗanmaliki?" in ji Sufeto.

"Alkawari munka yi, ranka shi daɗe. Da la'asar zan sa murya kan sabuwar waƙar ɗan takarana."

"Mi yak kai ka lungu?"

"Na buga ƙofa shiru. Niz zaga, nig ga janareta ba ya aiki, nic ce ya tafi gida ya manta da ni. Wallahi ko ƙofar ban taɓa ba."

"Da hantsi kana ina?"

"Gidan ɗan takara, gaban jama'a, har anka yi azahar. A tambaya."

"Ka iya fiyano?"

"Ni? Ko maɓalli guda ban san aikinshi ba. Murya gare ni."

"Karin waƙar na wa ne?"

Na'iya ya share goshi.

"Na Ɗanmaliki. Wata rana nis same shi shina buga shi shi kaɗai, tsikar jikina tat tashi. Nic ce wanga nika so. Yay yi ta noƙewa, wai ba na sayarwa ba ne. Nim matsa, nim matsa, har yay yarda. Ganga kaɗai ya riga ya ɗora, ranar ne za shi ɗora fiyano."

"Ka rera wa wani?"

"Kowa ma. Har wurin taro a Kebbe na rera shi satin da yaw wuce."

Aka bincika. Mutane da yawa sun ga Na'iya a gidan ɗan takara tun safe har azahar. In maganar likita gaskiya ce, ba shi ba ne. In kunnen Tambaya ne gaskiya, shi ne na ƙarshe da ya je wurin. Sufeto ya bar shi a tsare, don sakinsa a ranar daidai yake da miƙa shi ga masu sanduna.

Na biyu da ake zargi shi ne Malam Hassan, yayan mamacin, wanda ke karantarwa a Sanyinna. Gidansu gidan malamai ne, kuma mutane ba su manta ranar da ya tsaya a bakin sitidiyon ya rantse zai farfasa fiyanon ba. Sufeto ya same shi a zaure, kan buzu, littattafai jingine da bango.

"Allah gafarta Malam, an ce ka taɓa yin wata rantsuwa."

"Na yi, na kuma yi kaffara. An daɗe." Muryarsa ta dushe saboda karɓar gaisuwa. "Ban taɓa yarda da sana'arshi ba. Amma ƙanena ne, ni nig goya shi. Ranar nan ina nan da ɗalibai tun asuba, ban tashi ba sai da anka zo da labari."

"Yana da abokin gaba?"

"Bai da shi. Aboki ma guda gare shi, Ɗan'iya. Tare sunka buɗa wurin, tare suka kiɗa, kwano guda suka ci. Da matar Ɗan'iya, Ummulkulsum, tar rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, sai garin yaf fita ranshi. Yak koma Kebbe wurin danginshi. Ba faɗa sunka yi ba. Ya ma zo jana'iza, sahun gaba yat tsaya."

Ɗaliban suka tabbatar da maganar malaminsu. Sufeto ya aika Kebbe a bincika masa Ɗan'iya. Amsa ta dawo cewa ranar, tun daga azahar har yamma, yana kiɗa a wata walimar aure a gaban unguwa guda.

Ya rage tambaya ɗaya da ta hana shi sukuni. Wa ke kiɗa a ɗakin nan bayan mai ɗakin ya mutu?

Bayan addu'ar uku ya nemi wanda zai buɗe masa kwamfutar. Zahara'u ta aiko ta ce ba sai an je nesa ba. Ita mai buga takardu ce a sakatariya, kuma ta sha taya mijinta aiki a ranakun hutu. Malam Hassan ya ce lalura ce, ya rako ta da kansa, amma ya tsaya a ɗakin waje bai shiga inda kayan kiɗa suke ba.

Aka zuba wa janareta mai. Zahara'u ta zauna a gefen kujerar, ba a tsakiyarta ba. Ta nuna wa Sufeto wata baƙar waya da ta fito daga bayan fiyano ta shiga kwamfuta.

"Ba sauti kwamfuta taka ɗauka daga fiyano ba, Yallaɓai. Saƙo ne ka bi ta wagga waya. Wane maɓalli anka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Ita kuma ta aje, ta fitar da sauti. Ka ga waɗanga layuka na tsaye? Bugun ganga ne. Waɗanga 'yan ɗigogi kuma hannun mai kiɗa."

"Buɗa mini aiki na ƙarshe."

Ta danna. Ganga ta fara, a hankali. Sai fiyano ta shigo.

Sufeto ya ji kiɗa iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa jin kari irin wannan ba. Yana hawa kamar zai yi kira, sai ya sauko kafin ya kai. Ba kiɗan taron siyasa ba ne ko kaɗan. Mai bugawa yakan yi layi biyu ya tsaya, ya koma ya sake, kamar mai gwaji. Zahara'u ta toshe baki da mayafi. A ɗakin waje aka ji Malam Hassan yana salati ƙasa-ƙasa.

Kiɗan ya kai ƙarshe. Ba wanda ya taɓa kome, sai ya koma farko da kansa.

Zahara'u ta matso da fuskarta kusa da gilashin kwamfutar.

"An sa shi shi dinga maimaita kanshi," ta ce. "Haka za shi yi ta yi har wuta ta ɗauke."

"Ke nan ba sai da mutum a ɗakin ba."

"Ba sai da kowa ba."

Sufeto ya sauke numfashi. Gawa ba ta yi kiɗa ba. Amma bai ce a kashe ba, don wani abu ya tsaya masa a kunne. Ya shiga bin gangar da yatsa a kan gwiwarsa. Duk lokacin da yatsan zai sauka, sai ya tarar fiyano ta riga shi. Ratar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tana nan a kowane bugu.

"Sa mini wani aikin da yay yi kwanan baya."

Ta sa wata waƙar biki ta makon da ya gabata. Yatsansa da fiyano suka dinga sauka tare. Ta sa wata, haka. Ya ce ta koma ta ƙarshen, ta ƙara girman hoton. 'Yan ɗigogin duka sun zauna gefen hagu na layukan, kowanne ya riga layinsa da ɗan kaɗan.

"Hannun wanga mai kiɗa ya riga ganga," in ji Sufeto. "Mijinki yakan yi haka?"

Ta ɗago kai daga gilashin.

"Ya taɓa yi. Bara, da yac canza waya."

"Ba ni labari."

"Tsohuwar wayar ta cikin wani ɗan akwati taka bi kafin ta kai kwamfuta, kuma saƙon yana daɗewa a hanya. Ka danna maɓalli, sai ka ɗaga yatsa sannan ka ji sauti. Da ita sunka fara aiki. To, don kiɗa shi faɗa daidai kan ganga, sai mutum ya koyi bugawa kafin gangar ta iso. Hannunshi yas saba da haka. Da yas sayo sabuwa daga Kano, mai kai saƙo nan take, komi yab buga sai shi riga ganga. Kusan wata guda shina faɗa da hannunshi, har abinci ya daina ci sosai. Daga baya yad daidaita. Tun sannan ban sake jin haka ba."

"Ina tsohuwar wayar?"

"Ya aika wa Ɗan'iya da ita, da akwatin, da tsohuwar kwamfuta. Yac ce ko ya samu abin yi a Kebbe."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta juyo ta dubi Sufeto, shi kuma ya miƙa hannu ya rage sautin.

Washegari da safe ya hau babur ɗin ofis ya kama hanyar Kebbe. Hanya ce mai ramuka da yashi, ga shanu suna tare ta a mashaya. Duk da haka ya lura cewa wanda ya bar Tambuwal da hantsi, in ya matsa wa babur, zai sami azahar a Kebbe. Kafin ya nemi Ɗan'iya ya fara tambaya a unguwarsu. Wani maƙwabci ya ce ranar ya ga fitarsa kan babur da sanyin safiya, bai ga dawowarsa ba sai a wurin walima.

Shagon Ɗan'iya ɗaki ɗaya ne kusa da kasuwa. Mutum ne ramamme, idanunsa sun faɗa ciki, kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya tashi ya ba Sufeto kujera, suka gaisa, Sufeto ya yi masa ta'aziyya.

"An ce kai ne amininshi."

"Ni ne, Yallaɓai. Allah shi jiƙanshi."

"Amin. Yaushe rabonka da sitidiyon?"

"Tun da nib baro Tambuwal ban taka shi ba. Da tana raye matata na zuwa can ta kawo muna abinci, ta zauna tana saurare. Ba ni iya shiga."

"Ranar da abin yaf faru, da safe kana ina?"

"Gona."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ya tashi ya tsaya gaban fiyanon Ɗan'iya. Wayar da ke bayanta ta tsufa, an ɗaure ta da baƙin salatif, ta shiga wani ɗan akwati mai launin toka. Kwamfutar tana kunne.

"Ni ma tsohon makaɗi ne, amma na ganga. In taɓa?"

"Bismilla."

Ya danna maɓalli ɗaya ya ɗaga yatsa. Sai da yatsan ya bar maɓallin sannan sautin ya fito. Ya sake, haka.

"Kullum haka take?"

"Haka take. In ka saba ba ka ma jin shi."

"Ina son ka taimake ni. Akwai aikin da yab bari a kwamfuta, ina son wanda yas san hannunshi shi saurara. Ba kowa sai kai."

Ɗan'iya ya dubi ƙofa, ya dubi Sufeto, ya ɗauki hularsa. Ya hau bayan babur, suka kama hanyar Tambuwal.

Sun iso bayan azahar. Zahara'u tana zaune gaban kwamfuta, Malam Hassan yana ɗakin waje, da ɗan sanda guda a lungu. Ɗan'iya ya tsaya a bakin labule, idonsa ya tafi kai tsaye wurin da ke tsakanin kujera da bango, inda aka riga aka wanke tas.

"Zauna," in ji Sufeto. "Kafin ka saurara, buga mini wani abu kan wagga ganga. Duk abin da kag ga dama. Ina son in ji yadda fiyanon take."

Zahara'u ta saki ganga ita kaɗai. Ɗan'iya ya ɗora hannu ya fara wani kiɗan biki da kowa ya sani. Bai yi nisa ba ya yamutsa fuska. Ya tsaya, ya sake farawa, ya yi ƙoƙarin jan hannunsa baya, amma yatsun suka ƙi. Sufeto ya ɗaga hannu, aka tsayar.

"Ɗora su tare," ya ce wa Zahara'u.

Ta jera hotunan biyu, na yanzu a sama, na ranar kisan a ƙasa. Ɗigogin sama da na ƙasa duk sun zauna hagu da layukan, da rata iri ɗaya.

"Bari in gaya maka abin da nig gano," in ji Sufeto, bai ɗaga murya ba. "Ɗanmaliki ya rasu da hantsi. Wanda yak kashe shi yana son a ɗauka yana raye har la'asar, don shi samu isa wani wuri inda jama'a za su gan shi. Bai iya sa tsohuwar waƙa, don kowa na iya kunna kaset, kuma tela ya san su duka. Dole a ji hannu yana gwaji kan sabon aiki. Sai yaz zauna nan, yas sa abin saurare a kunne don kar a ji, yab buga da kanshi, yas sa kwamfuta ta yi ta maimaitawa, yab buɗe sifika, yaf fita ta lungu. Ya san mai zai ƙare, kiɗa shi tsaya, a ce lokacin ne anka yi kisan. Bai tuna kwamfuta ba ta san kiran salla ba."

Ya juyo ya dubi Ɗan'iya.

"Na'iya bai iya fiyano ba. Malam bai taɓa ta ba. Wanda yab buga wanga ya iya, ya kuma san karin. Kuma hannunshi ya saba da waya mai jinkiri. Mutum biyu sunka koyi kiɗa kan waccan wayar. Guda ya bar ta tun bara, hannunshi ya daidaita. Guda yana kanta har yau. Ka daɗe ba ka yi kiɗa ɗakin nan ba, shi ya sa ba ka san wagga ba ta jinkiri. Maƙwabcinka kuma ya ga fitarka kan babur da sanyin safiya, ba da fartanya ba."

Ya yi wa Zahara'u alama. Ta saki kiɗan ranar.

Layin farko bai ƙare ba Ɗan'iya ya zabura, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

"Ki kashe shi! Don Allah ki kashe shi!"

Ta kashe. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur. Da ya yi magana, ba Sufeto yake kallo ba.

"Karin na Ummulkulsum ne. Bayan mun dawo daga binne ta, nan niz zo niz zauna, shi ne yaf fito daga hannuna. Shi kaɗai yaj ji. Nic ce mashi kada kowa shi ji shi, har abada. Yar riƙa hannuna yay yi alkawari." Ya sunkuyar da kai. "Sai ga Na'iya a Kebbe, kan mota, da lasifika, shina rera shi da sunan ɗan takara. Yara na tsalle suna tafi."

"Sai kaz zo."

"Roƙo niz zo yi. Ta lungu nis shigo don ba ni son a gan ni. Nid durƙusa mashi nan. Yac ce ya san bai kyauta ba, amma ya riga ya ba da baki, ba shi iya janyewa. Yac ce an daɗe, kari ne kawai, in yi haƙuri. Yaj juya yana neman abin saurare. Ban san sa'ad da niɗ ɗauki sitabilaiza ba."

Zahara'u ta miƙe tsaye.

"Kuma kaz zauna kan kujerarshi kab buga? Yana kwance bayanka?"

"Yana kwance bayana." Muryarsa ta koma kamar raɗa. "Na ji kiɗan bai zauna daidai ba. Na ɗauka rawar hannuna ce."

Ta fita ba ta ƙara kallonsa ba. Malam Hassan ya ɗaga labule, karo na farko ya sa ƙafa a ɗakin, ya tsaya kan Ɗan'iya. Sufeto ya matso kusa, don bai san abin da zai biyo ba. Hawaye na bin gemun Malam.

"Kai kaɗ ɗauki makara tare da ni," ya ce. Ya juya ya bi matar ƙanensa.

A yammacin nan aka saki Na'iya. Ya fito ta ƙofar baya, ya shiga mota, ya ce ko an ba shi waƙar kyauta ba zai sake rera ta ba.

Sufeto da kansa ya cire wayoyin, ya naɗe su, ya sa aka ɗauki kwamfutar zuwa motar 'yan sanda. Ɗan'iya yana tsaye da ankwa yana kallon yadda ake fita da ita.

"Yallaɓai, alfarma guda nika roƙo. Na amsa laifina, ba ni musu ko gaban wa. A share kiɗan nan."

Sufeto ya girgiza kai.

"Ba ni da ikon haka. Shaida ce yanzu."

"To, ina za a kai shi?"

"Babbar kotu, Sakkwato. Za a sa shi gaban alƙali, da lauyoyi, da duk wanda yas samu wurin zama. Mai yiwuwa a sa shi fiye da sau ɗaya."

Ɗan'iya ya dube shi kamar bai gane ba. Sannan ɗan sandan ya kama hannunsa, suka sa shi a mota.